Mota Biyu, Lamba Ɗaya

Shekara goma sha ɗaya ina rubuta lambar motocin tasi a harabar hukumar sufuri ta birni, cikin wata rumfar kwano da ke bayan ofishin masu duba mota. Aikin ba shi da wani kwarjini. Mota za ta shigo, masu dubawa su leƙa ƙarƙashinta, su taka burki, su kunna fitilu, su ɗauki hoton direba da zanen yatsunsa, su rubuta inda yake kwana. Idan ta tsallake sai a turo ta wurina da 'yar takarda mai hatimi, ni kuma in tsoma burushi in rubuta lambar da baƙin fenti a kan farin layin da ke ƙofofin gaba, dama da hagu. Daga wannan rana ta zama tasi.

Da hannu nake rubutawa, ba na ɗora yankakken kwali in fesa kamar yadda ragwaye ke yi, kuma da wannan nake taƙama, ba zan ɓoye ba. Bakwai ɗina tana da ɗamara a ƙugu, huɗu kuwa a buɗe nake barin kanta. Ma'aikatan da ke tare motoci a titi sun haddace hannuna. 'Yan kabu-kabu, masu ɗaukar fasinja ba rajista, sun sha zuwa wurin masu rubuta allon shaguna a zana musu lamba, amma tun daga nesa ake ɗaga musu hannu a ce su faka. Safe da yamma rediyo na maimaita wa jama'a magana ɗaya: kada ku shiga motar da ba ta da lamba a ƙofa, kuma kafin ku shiga ku aika wa wani naku lambar ta waya. Mutane sun riƙe maganar da hannu biyu, don kafin dokar an yi shekarun da mace za ta shiga mota da jakarta a tsince ta a bayan gari ba jaka ba takalmi.

Matata tana da ƙane guda ɗaya, ana ce masa Manaja. Bai taɓa riƙe ko shagon sayar da ashana ba, sunan ya samo shi ne daga gogaggiyar riga da baƙin tabarau. Wata rana ya zo gidana da fara'a, ya ce ya samu mota, har an yi mata shuɗin fenti da farin layi irin na tasi. Abin da ya rage lamba. A lokacin kuwa hukuma ta rufe rajista, ta ce motocin sun yi wa titi yawa, sai wata shekara.

Ya ce, "Yaya, aikin minti nawa ne a wurinka? Kai ne fa mai abin."

Na ce, "Ni mai burushi ne. Mai abin yana ofis, je ka same shi."

Da shi kaɗai ne da na gama da shi a ranar. Amma akwai yayarsa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Abinci za ta ajiye mini ta zauna gefe ta yi tagumi. Ta ce, "Malam, tunda aka haifi yaron nan yau ne ya fara cewa zai nemi na kansa. In ya koma zaman banza, me zan ce wa mahaifiyarmu?" Mako uku ina kunnen uwar shegu da ita. A na huɗu na gaji, na ce ya kai motar gidan wani abokinsa inda ba idon jama'a. Ko sisinsa ban karɓa ba, kuma a lokacin har ina ganin wannan ya wanke ni.

Lamba ba a ƙirƙiro ta daga iska. In ka rubuta wadda ba ta cikin rajista, ranar da ma'aikaci ya buga waya ofis asirinka ya tonu. Dole ka ari ta wani mai rai, mai takardu cikakku, wanda ba a taɓa kai ƙararsa ba, kuma wanda hanyarsa ba za ta taɓa haɗuwa da ta tagwayensa ba. Na zauna na yi ta jujjuya direbobin garin a kaina, sai na tsaya a kan 2741.

Ta Baba Sannu ce. Dattijo ne ɗan shekara sittin da bakwai, fasinjoji suka laƙaba masa sunan saboda ko mai keke na iya wuce shi a kan titi. Hanyarsa ɗaya tal, daga ƙofar babban asibiti zuwa tsohuwar kasuwa, can tsallaken gada, kuma ba ya ƙetarowa. Masu jinya suna son shi don ba ya faɗawa rami da wanda aka yi wa tiyata a ciki. Duk shekara shi ne na farko a layin sabunta takardu, da motarsa wankakkiya, ya zo rumfata ya zauna mu yi hira ina ƙara wa lambarsa baƙi. A rajista shafinsa fari fat, ko tarar faka mota ba a taɓa rubuta masa ba. Don haka na zaɓe shi. Da ɗan iska ne mai rigima da 'yan sanda kullum, da ban ko kalli lambarsa ba.

Manaja ya rantse ba zai bar kewayen babbar tasha ba, ta wannan ɓangaren kogi, kuma shi kaɗai zai riƙa tuƙawa. Na rubuta masa 2741 a ƙofa biyu, da ɗamarar bakwai da komai. Ya yi ta zagaya motar yana tafi, yana cewa ko uwar lambar ba za ta bambance ba.

Wata takwas ba abin da ya faru. Har na fara mantawa.

Wata Lahadi da rana tsaka, wata malamar makaranta ta tare tasi kusa da babbar tasha. Ta yi duk abin da rediyo ke cewa. Ta duba ƙofa, ta ga lamba, ta aika wa ƙanwarta, sannan ta shiga. Bayan awa guda masu sayar da itace suka tsince ta a gefen titin bayan gari, an ƙwace mata jaka da waya an turo ta daga mota tana gudu. Kanta ya bugu da kwalta. Aka kai ta asibiti ba ta magana.

Ƙanwar ta kai wa 'yan sanda saƙon. Litinin da safe suka zo ofishinmu, aka buɗe rajista, kafin azahar an cire Baba Sannu daga motarsa a ƙofar asibiti, da wata mai jego a kujerar baya. Ina cikin wanke burushi wani mai duba mota ya leƙo rumfata yana girgiza kai.

Ya ce, "Mai Fenti, ka ji mutumin naka? Ashe duk sanyin nan na munafunci ne. Biyu-bakwai-huɗu-ɗaya."

Na ce masa kaina ke ciwo, na rufe rumfa, amma ban je ko'ina ba, na zauna a ciki cikin warin tina, ruwan da nake wanke burushi da shi, ina kallon gwangwanaye.

Na gaya wa kaina za su sake shi. Wa zai kalli wannan tsoho ya ce shi ya turo mace daga mota? Sai dai Baba Sannu ba shi da shaida. Ciwon suga ya sa kullum da rana yake faka mota a wani lungu mai inuwa ya kwantar da kujera ya yi barcin awa biyu, shi kaɗai. Da aka tambaye shi inda yake a wannan lokacin ya faɗi gaskiya, ya ce barci yake cikin motarsa. Aka ce wa ya gan ka. Ya ce bai sani ba, ai idonsa a rufe yake. Aka ce masa yana musu rainin hankali, kuma dole ne ya faɗi sunan wanda suka yi fashin tare.

Ranar Laraba matarsa ta zo rumfata. Tsohuwa ce gajeriya, ban taɓa ganin ta ba sai ranar, amma ta ce mijinta na yawan ambatona.

Ta ce, "Ɗan nan, kai ne Mai Fenti? Ya ce in zo wurinka. Ya ce kai ka san shi shekara da shekaru, kuma kai ma'aikacin hukuma ne, in ka yi magana za a ji."

Na ce, "Inna, yaya jikin nasa?"

"Sun hana a shigar masa da allurarsa, wai sai likitansu ya gani. Kwana biyu ke nan. Mutumin nan bai san hawa ba bai san sauka ba. Ko kaza ba ya iya yankawa, sai dai in kai maƙwabta."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, zan ga abin da zan iya yi. Ta yi mini addu'a har da 'ya'yana, ta tafi.

Da na tashi aiki ban bi ta gida ba, na wuce neman Manaja. Na same shi a gidan abokin nasa, ba tabarau, leɓensa ya bushe. Ban gama ɗaga murya ba ya zube ƙasa. Ashe tuƙin ma wata biyu ya yi ya gaji, ya ce zama na sa masa ciwon baya. Sai ya riƙa ba wasu mutum biyu da ya haɗu da su a tasha motar, su yi yini su dawo da ita da yamma. Bai san gidajensu ba, ko sunansu na gaskiya bai sani ba. Ranar Lahadi sun dawo da ita da wuri, suka ajiye makulli a kan taya, daga nan ko sama ko ƙasa. Motar tana bayan gida an lulluɓe ta da tamfol. Na ɗaga na gani, ga hannuna a jiki raɗam.

A gida na tarar yayarsa ta riga ta sani. Ta kama mini riga tana kuka. Ta ce, "Malam, in suka ga motar nan sun gama da shi. Kai ma sun gama da kai. Yaran nan wa zai riƙe su?"

Ba zan ɗora mata ba, ita abin da ke gabanta ta faɗa. Tunanin nawa ne, kuma tunanin mai fenti ne. Na ce a raina, duk fitinar nan daga ina ta taso? Daga lamba ɗaya a jikin mota biyu. To in na cire ta ƙaryar, ai na mayar wa tsoho da abinsa, ɓarnar da na yi na gyara ta, sauran kuma 'yan sanda za su bincika su ga ba shi ba ne. Haka na lallashi kaina, kuma wallahi a lokacin har wani sanyi na ji, kamar wanda zai je aikin lada.

Alhamis da sassafe na ɗaure kayan aikina a bayan babur na tafi.

Akwai yadda ragon mai fenti ke goge lamba: ya shafa fari a kan baƙi ya tafi. Bayan kwana biyu, in rana ta bugi ƙofar a karkace, sai ka ga tsohuwar lambar na leƙowa daga ƙasa, kowa ya karanta. Na sha zagin masu irin wannan aiki a gabansu. Ni ba na yi. Na sa sanfefa, takardar nan mai yashi, na ci baƙin, na ci farin da ke ƙarƙashinsa, na ci shafen farko da ke ƙarƙashin fentin, sai da ƙarfe ya fito yana ƙyalli. Na wanke, na sake shafen farko, na bari ya sha iska, na fesa fari sau biyu. Da na ga sabon farin ya fi na sauran jiki haske, sai na bi layin gaba ɗaya daga fitilar gaba zuwa ta baya, ta kowane gefe, sannan na murza shi da tsumma da 'yar ƙasa mai laushi har ya dushe ya yi kamar ya shekara a rana. Awa biyar na yi. Da na gama na ja da baya na karkata kai na duba ta nan, na duba ta can, ban ga ko inuwar lamba ba. Abin kunyar da zan faɗa shi ne, na ji daɗin aikin.

Kwana tara bayan an tsince ta, malamar ta rasu ba tare da ta buɗe baki ba. Ita kaɗai ce za ta iya cewa direban nan saurayi ne, ba tsoho mai furfura ba. Magana ta tashi daga fashi ta koma kisan kai. Aka kai Baba Sannu kotu, alƙali ya hana beli, aka wuce da shi gidan yari. Ƙungiyar direbobi ta fitar da takarda ta ce ba ta tare da ɓata-gari. Shugaban hukumarmu ya shiga rediyo yana alfahari, ya ce ga amfanin lamba, cikin kwana ɗaya aka kama mai laifi.

Sai da na yi mako biyu ina juyi a kan shimfiɗa kafin na iya zuwa ganin shi. An fito da shi yana dogara bango. Ƙafarsa ta dama ta kumbura, an naɗe ta da wani ƙyalle, ba ta shiga takalmi. Da ya gan ni ta bayan ragar waya ya washe baki.

Ya ce, "Mai Fenti! Na ce mata za ka zo. Yaya aiki, yaya yaran?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Ƙafar fa?"

"Da sauƙi. Ai kuskure ne suka yi, za su gane. Wataƙila yarinyar nan, Allah ya ji ƙanta, garin sauri ta rubuta lambar ba daidai ba. Ni ban riƙe ta a zuciya ba." Ya mayar da numfashi. "In na fito zan kawo maka motar. Lambar gefen hagu ta fara koɗewa, kada ma'aikata su ce ba hannunka ba ne."

Ban san yadda na fito daga wurin ba. Na tsaya a bakin titi na yi kuka kamar ƙaramin yaro, mutane na kauce mini. Daga nan ban koma gida ba, don na san in na ga fuskar matata zan sake sanyi. Caji ofis na wuce kai tsaye, na nemi jami'in da ke riƙe da fayil ɗin.

Mutum ne mai jajayen idanu, da gani ya gaji da duniya. Na faɗa masa komai tun daga farko, ban rage ko ɗaya ba. Ya saurara yana juya biro a hannu.

Ya ce, "Wato mota biyu, lamba ɗaya."

"Haka ne, yallaɓai. Da hannuna na rubuta."

"Ina ɗayar?"

"Tana nan. Zan kai ka."

Ya ajiye biron, ya ɗauki hularsa. Zan faɗi gaskiya a kansa, bai yi ƙyuya ba, ya bi ni har gidan. Manaja ya riga ya cika wandonsa da iska tun ranar da malamar ta rasu, abokin nasa kuma ya ce shi ajiya kawai aka ba shi, bai taɓa ɗaga tamfol ba. Na yaye tamfol ɗin. Jami'in ya zagaya motar.

Ya ce, "Ina lambar?"

Sai a wannan lokacin, ina tsaye da tamfol a hannu, na fahimci abin da na yi. A duk faɗin duniya abu ɗaya ne zai iya fitar da Baba Sannu, a ajiye motocin nan biyu gefe da gefe kowa ya ga 2741 a ƙofa huɗu. Shi ne na ɓata awa biyar ina kankarewa.

Na ce, "Na goge ta, yallaɓai. Amma tana nan, a nan take, daidai nan."

Ya ciro makulli daga aljihu ya karci farin. Ƙarƙashinsa shafen farko. Ya ƙara karta, ƙarfe. Ya koma ɗaya ƙofar ya yi haka. Ya durƙusa ya kalli ƙofar a karkace ta gefen rana, ashe shi ma ya san dabarar. Ba komai.

Na ce, "Duba, fentin sabo ne."

Ya shafa da yatsa. Ya ce, "Wannan ne sabo? Wannan ya fi shekara." Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Malam, shuɗiyar mota mai farin layi ba lamba, akwai ɗaruruwa a garin nan suna jiran a buɗe rajista. Kana da hotonta da lambar?"

"Babu."

"Akwai wanda zai zo ya rantse ya gan ta da lambar?"

Na yi kwana uku a babbar tasha ina neman wannan mutum. Direbobin da suka yi wata takwas suna layi da motar duk suka zama makafi. Wa zai ce ya san kabu-kabu na lodi a layinsu ya yi shiru, alhali ga gawa a tsakani? Da na koma wurin jami'in hannu rabbana, ya rufe fayil ɗin ya ɗora hannu a kai.

Ya ce, "Na gane kana son tsohon nan. Kai ne na uku da ya zo mini da labari a kansa, sai dai naka ya fi tsari. Je ka gida, kafin in rufe ka da laifin ɓata bincike."

Na ce, "To rufe ni mana! Abin da na zo nema ke nan!"

Ya sa aka fitar da ni.

Na je wurin shugaban sashenmu, wanda ke sa hannu a takardun da ake turo mini. Ya tashi da kansa ya rufe ƙofa ya murza makulli.

Ya ce, "Ka san abin da kake faɗa kuwa? Mota dubu shida ke yawo a garin nan da hannunka a ƙofa. Matata ma sai ta duba lamba take shiga. In maganar nan ta fita, wace lamba ce za ta sake zama lamba? Ka ce mu koma zamanin da?"

"Ranka ya daɗe, mutum na mutuwa a ciki."

"Kana da hujja?"

Na ce, "Babu."

Ya ce, "To ban ji ba, kai ma ba ka faɗa ba. Koma rumfarka, akwai motoci na jira."

Na so ya kore ni, bai kore ni ba. Lauyan da gwamnati ta ba Baba Sannu ya sa ni cikin shaidu, na tsaya gaban alƙali na maimaita komai. Lauyan ɗaya ɓangaren tambaya biyu ya yi mini: ina lambar, kuma shekara nawa kuna abota da wanda ake ƙara. Aka yi 'yar dariya a kotun. Bayan wata bakwai aka yanke masa shekara goma sha huɗu, wai an yi masa sassauci saboda tsufa. A keken guragu aka shigo da shi ranar, don tuni an yanke ƙafar daga gwiwa. Matarsa ba ta samu zuwa ranar da na ba da shaida ba, tana kwance ba lafiya, labari kawai aka kai mata.

Doka ta ce duk motar da aka soke lasisinta, kafin a mayar wa iyalan mai ita sai an kawo ta harabarmu an goge lambar, kuma mai fentin hukuma ne zai goge. Wata safiya janwe ya ja motar Baba Sannu ya sauke ta a ƙofar rumfata, tayoyi a sace, ƙura ta rufe gilashi. Inna na biye da takarda a hannu. Ta ƙara ƙanƙancewa.

Ta ce, "Ɗan nan, ban samu na yi maka godiya ba. An gaya mini abin da ka yi. Wai har laifi ka ƙirƙiro ka ɗora wa kanka a gaban alƙali don a sake shi. 'Yan uwansa na jini ba su yi haka ba. Shi ma ya ce in gaya maka, ƙarya ba kyau, amma ya gode."

Da na sunkuyar da kai na ce ba komai, da shi ke nan, za ta tafi tana sa mini albarka har ƙarshen ranta. Na duba cikin zuciyata na ga ba zan iya ɗaukar wannan albarkar ba.

Na ce, "Inna, ba ƙarya na yi ba."

Ta ɗago kai. Na faɗa mata. Na faɗa mata dalilin da ya sa na zaɓi lambarsa ba ta wani ba. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya, takardar kawai take naɗewa tana warwarewa.

Da na gama ta ce, "Lokacin da aka kama shi, lambar tana jikin ɗaya motar?"

"Tana jiki."

"Da an je an gani, da an sake shi?"

"Da an sake shi, Inna."

"Yaushe ka goge?"

"Ranar Alhamis."

"Wace Alhamis?"

"Ta makon da aka kama shi."

Na ga leɓenta na motsi, tana lissafa kwanakin. Ta ce, a hankali, "Laraba na zo nan."

Na jira ta zage ni. Na jira ta tsine mini, ta tara mini jama'a, ta ɗauki gwangwanin fenti ta watsa mini a fuska. Da ta yi, da na samu sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Daga can direban janwe ya danna ham, ya ɗaga murya ya ce a yi sauri yana da wani aikin.

Inna ta kai gefen mayafinta ta share ƙurar da ke kan ƙofar, lambar ta fito. Ta matsa gefe ta ba ni wuri.

Ta ce, "To goge mana, ɗan nan. Ai ka iya."

Na ɗauki sanfefa na durƙusa. Ta tsaya a kaina har na gama ƙofar dama, sannan ta zagaya ta jira ni a ta hagu.